Kurakuran da 'yan gem ke yi in sun koma wasan labari na kan tebur

Duk wanda ya buga Baldur's Gate 3 ya ga dayis ɗin nan mai fuska 20 da ke juyawa a allo kafin a ce ka ci ko ka faɗi. To ba kamfanin Larian da ya yi gem ɗin ne ya ƙirƙiro shi ba, daga Dungeons & Dragons ya fito, wasan da Gary Gygax da Dave Arneson suka fitar a Amurka a 1974, ana yinsa da takarda da biro da dayis da baki kawai. Makin jini, hawa lebul, zaɓen ko kai mayaƙi ne ko ɓarawo, duk daga can kwamfuta ta gado su. Cyberpunk 2077 ma asalinsa wasan tebur ne na Mike Pondsmith. Matsalar ita ce in samari a nan Katsina sun haɗu za su gwada na tebur ɗin, da halin kwamfuta suke zuwa, su manta wanda ke gabansu mutum ne.

Babba cikin kurakuran shi ne jira. Mai jan wasa, wato wanda ke ba da labarin yana kuma yanke hukunci, ya gama bayani, ga ku a ƙofar gari an kulle, ga dogarai biyu, sai kowa ya yi tsuru yana jiran a jero mai zaɓi uku ya danna ɗaya. Malam babu jerin nan fa. Kwamfuta ta taƙaita maka ne don ba za ta iya amsa komai ba, shi kuwa mai jan wasa zai iya, kamar mai tatsuniya ne da ya bar muku Gizo ku faɗi abin da zai yi. Ka ba dogari cin hanci, ka ce kai ɗan aiken sarki ne, ka haura katanga, ko ka shige cikin ayarin fatake, duk ya halatta. Gyaran mai sauƙi ne, ka faɗi abin da kake so ka yi, shi zai gaya maka ko sai ka jefa dayis. In kai ne mai jan wasan kuma, kira sunan mutum ɗaya ka ce "to kai me za ka yi?", kar ka tambayi taro, shiru za ka samu.

Sai masu neman a maimaita jifa. A kwamfuta ka danna F8 ka koma baya har sai ka ci, a tebur in 1, mafi ƙanƙanta a dayis, ta fito ta fito kenan, kuma wlh yawanci nan daɗin yake, don faɗuwar ce ke kai ku kurkuku inda labari zai ɗau sabon salo. Mai son ya horar da kansa ya gwada Honour Mode a Baldur's Gate 3, inda ba komawa baya.

Kashe duk abin da ya motsa don neman maki ma kuskure ne. A tsohon bugun D&D yawancin maki daga dukiyar da ka kwaso ake samu, kenan wanda ya lallaɓa ya wuce dodo ya fi wayo. A bugu na biyar na 2014 kuma mai jan wasa na iya ƙara muku lebul don kun kai wani mataki a labari, ba sai an zubar da jini ba. Ku daidaita wannan tun zaman farko.

Akwai kuma mai ɗaukar kansa shi kaɗai ne jarumi, shi ke magana, shi ke buɗe akwati, sauran huɗu na latsa waya. A gem 'yan rakiyarka ba sa gundura, a nan kuwa abokinka ne da ya taso tun daga Ƙofar Ƙaura, sati mai zuwa ba zai dawo ba. In ka yi abu biyu, juya ka tambayi na kusa da kai.

Kuma dan Allah kar ku ce sai kun sayi littattafai da dayis daga waje. Wizards of the Coast, kamfanin da ya mallaki wasan, sun saki ƙananan dokokin kyauta a intanet, manhajar jefa dayis kuma ta cika waya. Sai dai ku yi wa manyan gida bayani tun wuri cewa ba kuɗi a ciki, don in Baba ya leƙo zaure ya ga dayis da takardu, caca zai fara kawowa a ransa.