Kafin ka sayi tsohuwar Marsandi ko BMW

Kar ƙyallin fenti da kujerun fata su ruɗe ka, motar da ta ci kilomita 250,000 takardun sabis ɗinta ake fara tambaya. Ka je da sassafe injin na sanyi ka tayar da shi da kanka, in kaji kaca-kaca na ƴan sakanni to wataƙila sarƙar taimin ta cikin injin ce ta saki, kuma wallahi aikin nan ba ƙarami bane. Buɗe murfin baƙin mai, in kaga fari-fari kamar madara wataƙila gasket ɗin kan injin, mai hana ruwa haɗuwa da mai, ne ya ƙone. Marsandi mai Airmatic kuwa, wato wadda iska ke ɗauke da ita maimakon sifirin, barta ta kwana, in gefe ɗaya ya durƙusa da safe to iska na zurarewa. BMW robobin lagireto ne ke tsagewa. A ƙarshe, ko wacce ce, sai makaniki ya jona mata kwamfuta ya duba lafiyarta.