Yadda ake jifa a ƙwallon kwando: daga tafin ƙafa zuwa kan yatsu

Bakin kwando yana da nisan mita 3.05 daga ƙasa, faɗinsa kuma santimita 45. Ƙwallo mai lamba 7, wadda manyan maza ke wasa da ita, faɗinta kusan santimita 24 ne. Ke nan saura kaɗan kwandon ya ɗauki ƙwallo biyu a jere. Sai dai ƙwallon da ta faɗo daga sama ce kawai ke samun wannan fili duka. Idan ta sauko a karkace da digiri 45, ƙofar da ke gabanta ta ragu zuwa kusan santimita 32. Idan jifan ya kwanta ya koma digiri 30, ƙofar ba ta wuce santimita 22 da rabi ba, wato ƙwallon ta fi ta girma, dole ta daki ƙarfe. Don haka duk abin da jiki ke yi wajen jifa, abu biyu yake nema: ƙwallo ta tashi sama sosai, kuma ta bi miƙaƙƙen layi. Bayanin da ke tafe na mai jifa da dama ne, bahago sai ya juya shi.

Daga ƙasa ake farawa. Buɗe ƙafafunka daidai faɗin kafaɗunka, ta dama ta ɗan shige gaba da kamar rabin tafin ƙafa. Kada ka tilasta wa yatsun ƙafa su kalli kwando sak. Ka ɗan karkata su hagu kaɗan, domin hakan ne ke sa ƙugu da kafaɗa da gwiwar hannun dama su hau layi ɗaya da kwando ba tare da kafaɗa ta ɗaure ba. Nauyinka ya zauna a gaban tafin ƙafa, dunduniya tana taɓa ƙasa sama-sama. Lanƙwasa gwiwa, ka tura ƙugu baya kaɗan, ƙirji a miƙe. Ba tsugunne ake so ba. Wanda ya yi ƙasa da yawa yakan makara wajen tashi, mai tsaro ya riga shi.

Riƙon ƙwallo shi ne inda mafi yawan masu koyo ke ɓata jifansu tun ba su ɗaga hannu ba. Baza yatsun dama yadda ba za ka ji tsauri ba, ka sa manuni da na tsakiya su raba tsakiyar ƙwallon. Hanya mai sauƙi ta gane tsakiya ita ce ka sa ramin da ake ba ƙwallo iska tsakanin waɗannan yatsu biyu. Ƙwallon ta zauna a kan yatsu da tudun da ke gindinsu, a bar ɗan sarari a tsakiyar tafi wanda yatsa ɗaya zai iya shiga. Lanƙwasa wuyan hannu baya har fatar wurin ta tattare, kamar mai talla ta tallabi faranti a tafin hannu. Gwiwar hannu ta kasance ƙarƙashin ƙwallon, ba a buɗe gefe ba.

Hannun hagu kuwa ɗan rakiya ne. Yana gefen ƙwallo, yana tare ta kada ta zame, kuma yana barin ta kafin dama ta sake ta. Babban yatsansa ne mai ɓarna: da yawa suna tura ƙwallo da shi ba su sani ba, sai ta tafi tana juyawa a kaikaice. Idan kana zargin haka, manne babban yatsan hagu da manuni, ka yi jifa ashirin a haka, za ka ji bambancin.

Ƙarfin jifa daga ƙafa yake zuwa, hannu saiti kawai yake yi. Ƙwallo ta fara tashi daga wajen ciki, kusa da jiki, tana isa ƙirji gwiwoyi su fara miƙewa, ta wuce gaban fuska zuwa saman girar dama, daga nan hannu ya miƙe sama. Duk wannan motsi ɗaya ne da ba ya yankewa. Saki ƙwallon kana kan tashi, dab da ka kai ƙarshen tsallenka. Idan ka riƙe ta a goshi har ka fara saukowa, ƙarfin ƙafa ya tafi a banza, sai kafaɗa ta ɗauki aikin, jifan ya kwanta ya gaza. Akwai gwanaye irin su Ray Allen da ke yin tsalle mai tsawo su saki ƙwallo a can sama, akwai kuma irin su Stephen Curry da ke saki da wuri cikin tashi guda. Su biyun sun taɓa riƙe tarihin yawan cin maki uku, wato jifan nesa, a gasar NBA ta Amurka, Curry ne ya karɓe daga Allen a Disambar 2021. Ga mai koyo, da yara, da duk wanda ƙarfin hannunsa bai kai ba, salon Curry ya fi, domin ba ya zubar da ƙarfin ƙafa.

Wajen saki, tura hannu sama, ba gaba ba. Idan ka gama, gwiwar hannunka ta kasance sama da gira. Wannan ita ce alamar da ba ta ƙarya game da tashin ƙwallo. Wuyan hannu ya karyo gaba a sake, ƙwallon ta bar manuni da na tsakiya a ƙarshe, tana juyawa baya. Juyawar nan tana da amfani: idan ƙwallon ta taɓa ƙarfe ko allon da ke bayan kwando, gudunta na raguwa, ta faɗa ciki maimakon ta yi tsalle waje. Bar hannunka a sama, yatsu na kallon ƙasa, har ƙwallon ta isa. Ka sauka inda ka tashi ko gaba kaɗan, ƙafa biyu tare.

Ido ya tsaya a kan kwando tun kafin ƙwallo ta tashi, kada ya bi ta a sama, domin ɗaga kai na jan kafaɗa baya. Auna bayan tsakiyar kwando kaɗan. Idan kana gefe kusa da kwando, yi amfani da allo: nemi kusurwar sama ta ƙaramin akwatin da aka zana a jikinsa, wadda ke ɓangarenka.

Kowace ƙwallo da ta kuskure tana nuna inda matsala take. Wadda ta daki gaban ƙarfe, ƙafa ce ba ta yi aiki ba, ko an makara wajen saki, kuma ita ce ke yawaita idan gajiya ta zo. Wadda ta daki bayan ƙarfe da ƙarfi ta dawo, jifa ne kwantacce, gwiwar hannu ba ta hau ba. Waɗannan biyun gyaransu bai da wuya. Wadda ta kauce dama ko hagu ta fi damuwa, don tana nufin layin ya karye: ko gwiwar hannu ta buɗe, ko hagu ya sa baki, ko ƙwallon ta fita ta ƙananan yatsu. Sa wani ya ɗauke ka bidiyo da waya ta gaba da ta gefe. Ta gaba za ka ga layi, ta gefe za ka ga tashi da lokacin saki.

Wajen atisaye, fara da mita ɗaya daga kwando, da hannu ɗaya. Ci goma da ba su taɓa ƙarfe ba daga gaba, goma daga kowane gefe, sannan ka ƙara hannun hagu ka ja baya taku ɗaya. Duk inda ka ga sai ka sauya salon jifa kafin ƙwallo ta kai, ka wuce iyakarka, dawo gaba. Layin maki uku yana mita 6.75 daga kwando a dokar FIBA, hukumar ƙwallon kwando ta duniya, kuma gaggawar zuwa can ce ke koya wa yara wurgi daga ƙugu da hannu biyu, wanda ke ɗaukar shekaru kafin a raba su da shi. Yara su yi amfani da ƙwallo mai lamba 5 da kwando mai tsayin mita 2.60, mata kuma lamba 6.

A layin jifan da ake ba wanda aka yi wa keta, mita 4.6 daga allo, daƙiƙa 5 kawai gare ka a dokar FIBA. Tsara abin da za ka riƙa yi kullum ba canji: saita ƙafar dama da tsakiyar kwando, buga ƙwallo ƙasa sau biyu ko uku, ja numfashi ka sauke, sannan jifa. Idan a filin siminti na waje kake atisaye, musamman da hunturu, goge ƙwallon da tsumma mai ɗanshi lokaci-lokaci. Ƙura na sa ta santsi, santsi kuma na sa ka matse ta da tafi, wuyan hannu ya ƙage, juyawar baya ta ɓace.