Yadda za ka haɗa wunin kallon Lord of the Rings ba tare da abokanka sun tsere ba

Masoyan Lord of the Rings suna da wata al'ada da suka daɗe suna yi, wato a ware rana guda a taru a kalli finafinan nan uku a jere tun safe har yamma ko dare. Kuma ba yau aka fara ba. Ranar 16 ga Disamba 2003, ana gobe na uku zai fita, sinimomi da dama a Amurka sun haska na ɗaya da na biyu sannan suka ɗora da sabon, mutane suka wuni a kujera ɗaya, tikitin ma tun kafin ranar ya ƙare ƙaf. Sati biyu kafin nan, ran 1 ga Disamba, da aka yi bikin fara haska shi a Wellington babban birnin New Zealand, wajen mutum dubu 100 ne suka cika tituna don kawai su ga 'yan fim ɗin sun wuce. Kai tun a 2000 da aka saki ɗan guntun tallansa a intanet, lokacin da intanet ɗin ma rarrafe take, an sauke shi sama da sau miliyan ɗaya da rabi a kwana ɗaya. To irin wannan zumuɗin ne yake sa wanda ya kamu ya ga lallai sai ya jawo mutanensa su ma sun gani.

Sai dai abin da yakan faru shi ne ka tara mutane ka kunna, minti arba'in ba a yi ba ka ga kowa ya sunkuyar da kai kan waya, wani ya ce bari ya je ya dawo kuma shi ke nan an rabu. A ganina yawanci laifin ba na fim ɗin ba ne, na mai gayyar ne, ɗokinsa ne yake yi wa baƙin nauyi. Shi ya sa duk shirin da zan faɗa a nan manufarsa ɗaya ce, a bar sabon shiga ya kamu da kansa.

Fara da zaɓen wanda za a kalla, don kowane fim ɗin kala biyu ne. Akwai wanda aka haska a sinima, na ɗaya minti 178, na biyu 179, na uku 201, jimla awa 9 da minti 18. Akwai kuma dogon da ya fito daga baya a faifan DVD wanda za ka ga an rubuta Extended Edition a jikinsa, shi kuma 208 da 223 da 251 ne, wato awa 11 da minti 22, ban da doguwar jerin sunayen da ake sawa a ƙarshe. Wannan jerin ma abin kallo ne, sunayen 'yan ƙungiyar masoyan fim ɗin ne da suka yi rajista tun farko aka jera dubbai, a na ɗaya kaɗai yana cin kusan minti 20, akwai waɗanda har yau suke tsayar da faifan don su nuna wa 'ya'yansu sunansu. Tsofaffin masoya za su ce maka wallahi wanda bai ga dogon ba bai ga komai ba, kar ka biye musu in dai akwai sabon shiga a ɗakin. Na sinima ya fi gudu, an tace shi ne don mutumin da bai san komai ba game da labarin. Dogon na zagaye na biyu ne, lokacin da mutum ya riga ya san su waye mutanen kuma shi da kansa yake neman ƙari. Abu ɗaya da na yarda na sinima ya yi asara shi ne ƙarshen Saruman, wani tsohon matsafi cikin mugayen fim ɗin, an yanke shi gaba ɗaya daga na uku, har Christopher Lee da ya fito a matsayin ya nuna ɓacin ransa a fili. In an gama kana iya nemo wurin a dogon ka nuna musu, 'yan mintuna ne.

Kuma don Allah kar ka fara da The Hobbit wai don labarinsa ne ya riga faruwa. Gaskiya ne littafin ya fito tun 1937, shi kuma Lord of the Rings sai 1954 da 1955, amma finafinan Hobbit na 2012 zuwa 2014 an ja ƙaramin littafi ne aka mai da shi fim uku, in ka fara da su ƙarfin mutanenka zai ƙare kafin a zo wurin da ake so.

Sai rana da lokaci. Asabar ta fi, Juma'a ba za ta yiwu ba. In na sinima ne ga lissafin da yake tafiya daidai da salla: a kunna na ɗaya ƙarfe 7 na safe a gama wajen 10, a miƙe ƙafa minti ashirin, a ɗora na biyu ya kai ku ɗaya da 'yan mintuna, sai a tashi a yi Azahar a ci abinci a nutse, biyu da rabi a kunna na uku, a tsaya La'asar, kafin a kira Magariba kun gama. Ƙarfe bakwai ɗin ne zai ba ka wahala don ka san mutanenmu da lokaci, to ka ce musu shida da rabi kuma akwai shayi da ƙosai. In kuwa duk tsofaffin masoya ne kuka zaɓi dogon, ku sa a ranku sai bayan Isha'i, amma shi yana da wani sauƙi, a faifai kowane fim an raba shi biyu, na ɗaya yana tsayawa daidai inda aka haɗa tawagar mutum tara a Rivendell, na biyu inda mutanen wani shugaban mayaƙa Faramir suka kama Frodo, jarumin labarin, da abokinsa Sam, na uku inda aka jawo ƙatuwar gudumar nan mai kan kyarkeci za a fasa ƙofar birnin Minas Tirith. Ko a fayil ɗaya kake da shi waɗannan wuraren ne mafi daɗin tsayawa.

Maganar wuta kuwa ba sai na faɗa ba, awa tara zuwa goma sha biyu ba abin da za a dogara da NEPA ba ne. In janareto ne a sayi mai tun jiya kuma a ja shi nesa da taga saboda ƙara, in akwai mai sola a cikinku to gidansa za a yi, magana ta ƙare. Abin da mutane suka fi mantawa shi ne gwada fayil ɗin. Ka sa filashin a talabijin ɗin da za a yi kallon kwana ɗaya kafin ranar, saboda wasu talabijin za su nuna hoto amma sauti shiru, wasu su ce ba su gane fayil ɗin ba sam, sannan filashin da aka tsara da FAT32 ba ya karɓar fayil da ya wuce 4GB. In kana da laftof da wayar HDMI ka huta da duk wannan. Ka kuma duba rubutun ƙasa yana fita, ba don Turancin kaɗai ba, akwai wuraren da ake magana da yaren elf, wasu halittu masu kama da mutane a labarin, wanda marubucin littafin Tolkien ya ƙirƙira da kansa, don shi farfesan harshe ne a Oxford, wani kwafin sai ka ga Aragorn da Arwen suna ta magana ba fassara kowa ya yi tsuru. Kuma a nemi kwafi mai kyau, yaƙin Helm's Deep da daddare ake yinsa cikin ruwan sama, a lissafinmu kuma zai faɗo ne da tsakar rana, in kwafin ya dishe kuma hasken rana yana dukan gilashin ba abin da za ku gani sai inuwa tana gudu. A rataya bargo a taga. In da hali a jona sifika, kiɗan Howard Shore rabin fim ɗin ne, wurin da ake kunna wutar kiran agaji daga kan wannan dutse zuwa wancan a na uku, a sifikar waya ba komai ba ne amma a babban sauti sai ka ji tsigar jikinka ta tashi.

Yanzu ga inda aka fi ɓata abin, wato bakinka kai mai gayya. Kafin a kunna, bayanin minti biyu ya isa. Ka ce akwai wani zobe da mugun sarki Sauron ya ƙera ya zuba ƙarfinsa a ciki, duk wanda ya riƙe shi sai ya lalata masa zuciya, ba a iya hallaka shi sai a dutsen wutar da aka ƙera shi, kuma ya faɗo hannun wasu gajerun mutane 'yan ƙauye da ba sa sa takalmi, su ne hobbit. Ka ƙara musu da cewa Sauron daban Saruman daban, ɗaya ido ne a kan hasumiya ɗaya tsoho ne mai farin gemu, don wannan sunan yana rikita kusan kowa. Shi ke nan ka yi shiru, sauran fim ɗin da kansa yana buɗewa da bayanin tarihin zoben. Ka gargaɗe su kuma cewa rabin awan farko a hankali yake tafiya, biki ne da shan taba a lofe da hira a ƙauye, wanda ya saba da fim ɗin da akta yake fara dukan yaran bos tun minti biyar zai fara ƙorafi, ka ce ya yi haƙuri har mahayan baƙaƙen dawakai su bayyana. Wannan zaman ƙauyen shi ne abin da ake yaƙin don a kare, in ba a gan shi ba ƙarshen ba zai taɓa zuciya ba.

Bayan nan dokar ɗakin ɗaya ce, wanda ya taɓa gani ba ya cewa "ku kalli nan, ku kalli nan". Ba ya faɗin maganar akta kafin aktan ya faɗa. In an zo gadar Moria, kai ka kalli fuskar baƙinka kawai, in wani ya juyo ya ce kai wai da gaske ne, ka ce masa kalli dai. Akwai kuma cutar da duk masoyan fim ɗin nan suke fama da ita a duniya, idan aka zo wurin da Aragorn ya shuri hular ƙarfe ya ƙwalla ihu ya durƙusa a na biyu, sai wani ya ce kun san aktan, Viggo Mortensen, da gaske ya karya yatsun ƙafa a nan? Gaskiya ne ya karya, kuma ɗaukar ce aka bari a fim ɗin, amma abin ya zama zolaya a intanet saboda ba wanda yake iya haɗiye shi. Ka tara irin waɗannan sai lokacin cin abinci, a nan suna da daɗi sosai: cewa daraktan Peter Jackson ya ɗauki ukun ne a lokaci guda daga Oktoba 1999 zuwa Disamba 2000, cewa ƙauyen hobbit gonar tumaki ce a Matamata kuma har yanzu 'yan yawon buɗe ido suna biya su shiga, cewa Gollum, ramammen halittan nan mai bin zoben, mutum ne Andy Serkis ya yi motsin da muryar aka bi da kwamfuta, cewa rigunan sulken zobba ne na roba miliyoyi aka harhaɗa da hannu har zanen yatsun masu aikin ya goge.

In akwai wanda Turancinsa bai yi ƙarfi ba a zaunar da shi kusa da mai fassara masa ƙasa-ƙasa a gefe guda, ba a tsakiyar ɗaki ba. Yara ƙanana kuma gara a bari, ba tsiraici a fim ɗin amma ana sare kawuna, kuma gizo-gizon nan na fim na uku ko babba ma sai ya ɗauke ƙafa daga ƙasa. Abincin rana kar ya yi nauyi, in aka narka tuwo da ƙarfe biyu to rabin ɗakin zai yi barci daidai lokacin da aka fara fim ɗin da ya ci Oscar 11 a 2004, duk rukunin da aka sa shi takara ya lashe, ya kamo Ben-Hur da Titanic. Shinkafa da wake kaɗan, zoɓo mai sanyi, gyaɗa da dabino a tsakiya, shayi bayan La'asar.

Sai musun littafi da fim, wanda in dai akwai mai karatu ɗaya a ɗakin to ba makawa. Kar ka hana, ka dai ɗage shi zuwa bayan an gama. Kuma masu littafin suna da abin faɗa. An cire Tom Bombadil, wani tsoho da su Frodo suka haɗu da shi a daji, gaba ɗaya, dokin da ya tsere da Frodo zuwa kogi a littafi na wani elf ne Glorfindel aka ba Arwen aikin, rundunar elf ba ta je Helm's Deep ba a littafi, kuma an share babin da hobbit suka koma gida suka tarar an mamaye ƙauyensu sai da suka sake yaƙi. Ɗan marubucin ma, Christopher Tolkien, bai ɓoye ba cewa finafinan ba su yi masa ba. Ni dai cire Bombadil ban ga laifinsa ba, da ya tsayar da tafiyar cak, amma abin da aka yi wa Faramir har yau yana ci mini rai, mutumin da a littafi zoben bai ruɗe shi ba aka mai da shi mai jan Frodo zuwa wurin babansa shi Faramir ɗin. Jackson da marubutansa sun ce in mutum ya ƙi zoben cikin sauƙi haka to ƙarfin zoben ya zube a idon mai kallo, hujja ce, amma ban saya ba.

Abu na ƙarshe da za ka shirya masa shi ne ƙarshen na uku. Allon zai yi duhu sai kowa ya fara neman takalminsa, sai a sake buɗewa, a kuma, a kuma, wajen minti ashirin ana sallama. Ka faɗa musu tun bayan La'asar cewa kar wanda ya tashi sai ya ga Sam ya koma gida ya rufe ƙofa. Kuma ka kwafe dogayen ukun a wani filashin daban ka ajiye a aljihu, don kafin a watse wani zai ce wai wannan mai ƙarin awa biyun da kake faɗa a tura masa.