Yadda na gyara motar da tsohon fetur ya kwana a tankinta

Motar yayana mai injin V8, wato babban inji mai silinda takwas, ta iso ƙauyenmu kusa da Gumel daga Amurka, tana mutuwa da zarar an taka totur. Yawancin fetur ɗin Amurka yana ɗauke da kashi 10 cikin ɗari na etanol, sinadarin da injin mai ƙarfi ke jin daɗinsa, amma yana jan danshi, kuma idan mota ta daɗe a ajiye sai ruwan ya haɗu da shi su kwanta a ƙasan tanki, daidai inda famfon mai yake zuƙa. Na sauke tankin, na juye man a jarka, na wanke shi sosai, na canza filta da tiyon da ya tsage, sannan na zuba sabon fetur. Yanzu bugu ɗaya take tashi.