Yadda za ka warware aljabra da kididdiga ba tare da haddar fomula ba

Ƙannena 'yan SS2 da SS3, musamman masu shirin WAEC da NECO, abin ga ya daɗe yana damuna. Ina koyar da lesin ɗin lissafi da yamma a nan Jega, kuma wallahi yaron da zai tsaya a shagon babanshi ranar kasuwa ya lissafa canjin mutum biyar da ka ba kuskure, shi ne za ka ga ya daskare da zarar an rubuta mishi x da y a allo, alhali lissafin guda ne, suna kawai anka sake mishi.

To abu na farko, duk tambayar da anka ba ka, maida ta zancen kasuwa kafin ka taɓa biro. Misali an ce tiya 1 ta shinkafa da tiya 1 ta gero naira 5,500, sannan tiya 2 ta shinkafa da tiya 3 ta gero naira 13,000. Kira shinkafa x, gero y. Ka samu x + y = 5,500 da 2x + 3y = 13,000. Yanzu yi tunani irin na mai awo, in ɗaya-ɗaya 5,500 ne to biyu-biyu 11,000 kenan, wato 2x + 2y = 11,000. Mi ya raba wanga saye da na 13,000? Tiya guda ta gero ce kawai ta ƙaru, kuɗin kuma ya ƙaru da 2,000, ashe y = 2,000, shinkafa kuma 3,500. Abin da malaminku ke kira eliminashon kenan, ba wani aljani ciki.

Kada ka tashi sai ka maida amsar cikin tambaya. 2 sau 3,500 ya ba ka 7,000, 3 sau 2,000 ya ba ka 6,000, jimla 13,000, ta zauna daidai. Ko minti guda bai ci ba.

Inda yara suka fi zubar da maki shi ne alamar mainos, ina ganin haka kullum har raina ya ɓaci. In ka ga 10 − (x − 3), mainos ɗin nan na bakin baka kowa na ciki yake shafa, sai ya koma 10 − x + 3. Da yawa sai su rubuta −3 su wuce, aikin shafi guda ya lalace.

Kwadiratik, wato lissafin da ke da x² ciki, ma haka. A ce fadamar shinkafa tsawonta ya fi faɗinta da mita 5, girmanta duka murabba'in mita 150. Faɗi x, tsawo x + 5, sai x(x + 5) = 150, ka buɗe ka kwaso komai gefe guda, x² + 5x − 150 = 0. Nemo lamba biyu da in ka ninka su za su ba ka −150, in ka haɗa su 5. Ga 15 da −10, wato (x + 15)(x − 10) = 0, dole ɗayan bakan biyu ya zama 0. To x = 10 ko x = −15, amma wa ya taɓa ganin gona mai faɗin −15? Ka rubuta cewa ka watsar da ita saboda faɗi ba ya zama mainos, faɗi 10 tsawo 15. Kuma dan Allah a takardar tiyori a riƙa nuna mataki-mataki, mai makin yana ba da maki kan hanyar da ka bi, amsa tsura daga kalkuleta ba ta wadatarwa.

Sai kididdiga. A ce manoman albasa biyar a Aliero sun samu buhu 12, 9, 40, 10, 9. Abareji, wanda a takarda ake kira miin, ka tara duka 80 ka raba 5, ya ba ka 16. Midiyan shi ne na tsakiya, amma sai ka jera su tukuna daga ƙarami, 9, 9, 10, 12, 40, na tsakiya 10. Wanda bai jera ba 40 zai ɗauka, kuma sau da yawa za ka iske irin wannan amsar tana zaune cikin zaɓin objektif tana jiran mai gaggawa. In adadin ya zama shida, biyun tsakiya za ka haɗa ka raba 2. Mod kuwa wanda ya fi maimaituwa, 9. Ka lura mutum huɗu cikin biyar ba su kai 16 ɗin ba, mai buhu 40 ne ya ja abarejin sama, shi ya sa a irin wanga hali midiyan ya fi faɗin gaskiyar abin da manomi ya samu.

Teburin firikwensi kuma, wanda ke nuna sau nawa kowace lamba ta fito, a ce maki 2 ɗalibi 5, maki 5 ɗalibi 4, maki 10 ɗalibi 1. Kada ka tara 2 da 5 da 10 ka raba 3, ai ba ɗalibi uku ba ne cikin ajin, goma ne. Buɗe layi na uku a tebur ka ninka kowane maki da yawan masu shi, 10, 20, 10, jimla 40, ka raba da ɗalibai 10, abareji 4.