Darasi na 9: Yadda teku ke cin gaɓarsa

Yawancinmu a Damagaram ba mu taɓa ganin teku ba. Ruwan da muka sani shi ne na tabki, irin na Gidimuni, da na damina mai gangarowa ta tsakanin duwatsun Birni. Amma shinkafa da baburan da ke kasuwar Dole ta teku suka zo, aka sauke su a Kwatano ko Lome ko Legas. Direbobinmu na zuwa can, samarinmu na cin rani can.

Wani dattijo a ajinmu, tsohon direban kamiyo, ya taɓa tambaya: "Malam, gabas da Lome na ga guntun kwalta a cikin ruwa, aka ce mini tsohuwar hanyar zuwa garin Aneho ce. To tekun ne ke ƙaruwa?"

"Yana ƙaruwa, Baba, amma kaɗan kaɗan, milimita 3 zuwa 4 a shekara. Abin da ya ci hanyar nan da sauri, igiyar ruwa ce da ƙarancin yashi."

Iska ce ke haifar da igiyar ruwa. Ku tsaya bakin tabki ranar da hunturu ke busawa, za ku ga ruwa na tasowa layi layi yana dukan gefe. A teku filin ya fi faɗi nesa ba kusa ba, don haka igiyar kan girma. Wadda ke dukan Togo da Benin daga can kudancin tekun Atlantika take tasowa, kuma ta fi ƙarfi a watannin da muke damina a nan. Ruwa kuwa akwai nauyi: mita 1 tsawo, 1 faɗi, 1 zurfi, kilo 1,000 ke nan, wato buhun gero 10. Wannan nauyin ke faɗa wa gaɓa dare da rana, ba hutu.

Ga wurin da ya kamata a natsu. Igiyar ba ta zuwa tsaye, a karkace take zuwa, daga kudu maso yamma. In ta hau gaɓa sai ta tura yashi a karkace, in za ta koma sai ta janyo shi tsaye. Kowane zuwa, ƙwayar yashi ta ɗan matsa gabas. A haka yashi ke tafiya daga Gana zuwa Togo, zuwa Benin, zuwa Najeriya, kamar ayari. Muddin abin da ke shigowa daga yamma ya kai abin da ke fita gabas, gaɓa na nan inda take.

Duk wanda ya taɓa kafa dangar kara don tare rairayi a wajen Gure ya san sauran labarin. Rairayi na taruwa a gefen da iska ke fitowa, har ya binne dangar. To, da aka gina tashar jiragen ruwa ta Kwatano a 1965, da ta Lome a 1968, an shiga cikin teku da doguwar katangar duwatsu. Katangar ta zama danga. Yamma da ita yashi ya taru, fili ya ƙaru. Gabas da ita igiya ba ta daina kwasa ba, ga shi babu mai kawowa. Sai ta koma cin ƙasar mutane: gidaje, gonakin kwakwa, hanya. Madatsar ruwa ta Akosombo a Gana, da aka gama a kan kogin Bolta a 1965, ita ma ta riƙe yashin da kogin kan kai teku. Masu ɗibar yashin gini a bakin ruwa suka ƙara wa Barno dawaki.

A Kwatano an jera gajerun katangun duwatsu don kama yashi. Suna ceton unguwar da ke kusa, amma sau da yawa cin yakan koma gaba da katanga ta ƙarshe. A ganina wannan bai bambanta da mai tare ruwan ƙofar gidansa da buhuna ba, ya tura wa maƙwabci.

Ku gwada a gida. A samu babban daro, a tara yashi a gefe guda, a zuba ruwa rabi. A ɗauki guntun katako a riƙa tura ruwan zuwa yashin a karkace, a hankali, sau 50. A duba inda yashin ya nufa. Sannan a kafa fasasshen bulo daga yashin zuwa cikin ruwa, a sake turawa. Wane gefe ya cika, wane ya rame?

Ku rubuta amsar a jimla biyu. A ƙarƙashinta ku rubuta sunan wuri ɗaya a unguwarku inda ake ɗibar yashi ko ƙasar gini, da abin da ruwan damina ya yi wa wurin bara. Mu karanta su tare ranar Asabar.