Yadda na raba ɗakina da yoyo

Damina uku ina tara bokiti a tsakar ɗaki. Duk shekara kafinta ya hau, ya shafa kwalta a kan ƙusoshi, ruwan Agusta ya zo ya wanke aikin. Da na hau da kaina sai na ga ashe ba huda ba ce kaɗai. Rufin ya kwanta da yawa, kwanon kuma gajere ne, wanda ake saye bandir-bandir, don haka in iska ta kaɗo ruwa sai ya koma baya ta mahaɗar falle da falle. Tsatsa ma daga nan ta fara ci.

Na so kwano mai tsakuwa a jiki, don ba ya ƙara in ana ruwa, ga kyau. Amma shi ma guntu-guntu yake zuwa, yana son gangara sosai da katako kusa-kusa, aljihuna kuwa bai kai ba. Sai na zaɓi dogon alminiyum, aka yanko shi daidai tsawon rufin, daga tsororuwa har baki babu mahaɗa. Mai kaurin milimita 0.55 na ɗauka, na sa aka auna a gabana, domin wani kaurin a rasit kawai yake.

Muka ɗaga bangon baya da bulo biyu don gangara ta ƙaru. Na hana ƙusar ƙarfe tsirara, tana cin alminiyum. Mai roba muka sa, a kan tudun kwanon, ba cikin kwarin da ruwa ke bi ba. Bana bokitin na banɗaki.